Turancin da mai koyo yake bukata idan aka shiga halin gaggawa

Tambayar da aka aiko ita ce: "Na ɗan yi nisa a koyon Turanci, ina iya karatu da 'yar hira, kuma ina shirin zama na wani lokaci a ƙasar da Turanci ne harshenta. Abin da ke damuna shi ne, idan wani ya yanke jiki ya faɗi a gabana, ko gobara ta tashi, ban san abin da zan ce ba. Waɗanne kalmomi ya kamata in haddace?"

Malam, ka nemi kalmomin da za ka haddace, kuma za ka same su a cikin wannan amsa, sai dai a aikina na koyar da manya Turanci na lura cewa ba ƙarancin kalmomi ne yake kayar da mai koyo a lokacin tashin hankali ba. Duk wanda yake iya karanta jarida da Turanci ya riga ya san sunan wuta da jini da asibiti. Abin da yake kayar da shi abu biyu ne. Na farko, ba ya gane tambayar da ake yi masa ta waya, domin ana yin ta da sauri kuma ba ya ganin bakin mai maganar. Na biyu, idan ya buɗe baki sai ya shiga ƙoƙarin haɗa doguwar jimla mai ladabi irin wadda aka koya masa a aji, har muhimmin abin ya ɓace a tsakiyarta. Firgici yana rage wa ƙwaƙwalwa ƙarfin riƙe abubuwa da yawa a lokaci guda, kuma harshen da mutum ya koya da girmansa shi ne yake fara suɓuce masa. Saboda haka abin da kake bukata ba shi da yawa, amma dole ya zauna a bakinka da kunnenka har ya riƙa aiki ba tare da ka tsaya tunanin nahawu ba.

Kafin Turancin ma, ka san lambar da za ka kira, domin kowace ƙasa da tata. A Birtaniya 999 ce, wadda aka fara amfani da ita a Landan a shekarar 1937. A Amurka da Kanada 911 ce, kuma a 1968 aka yi kiran farko da ita a garin Haleyville na jihar Alabama. Ƙasashen Tarayyar Turai sun amince da 112 tun 1991, kuma tana aiki a Birtaniya tare da 999. Ostareliya 000 take amfani da ita, ita kuwa New Zealand 111. A nan akwai wurin tuntuɓe, domin a Ingila 111 lamba ce ta neman shawarar lafiya a kan abin da bai kai barazana ga rai ba, kamar yadda 101 take ta 'yan sanda a kan abin da ba na gaggawa ba. Kiran lambar gaggawa kyauta ne, kuma wayoyin zamani suna ba da damar yin sa ko da wayar a kulle take, ta maɓallin da aka rubuta "Emergency" a fuskarta.

Abin da zai kwantar maka da hankali shi ne, wanda zai amsa kiran ba hira zai yi da kai ba, tsararrun tambayoyi yake bi ɗaya bayan ɗaya, kuma kusan kullum su ne dai. A Birtaniya muryar farko za ta ce "Emergency, which service?", wato wane sashe kake nema, kai kuma kalma ɗaya za ka faɗa: "Ambulance" idan motar asibiti ce, "Fire" idan 'yan kwana-kwana ne, "Police" idan 'yan sanda ne. Idan a bakin teku abin ya faru, akwai na huɗu, "Coastguard". A Amurka za ka ji "Nine-one-one, what's your emergency?", a wasu wuraren kuma da tambayar wuri ake farawa: "What's the address of the emergency?" Wannan tambaya ta wuri ita ce uwar duk tambayoyin, kuma dalilin a fili yake. Idan kiran ya katse bayan an san inda kake, za a iya turo taimako ko da ba a san abin da ya faru ba. Idan kuwa ka ɓata minti guda kana ba da labari sannan batir ya mutu, an bar masu ceto suna lalube. Gaskiya ne cewa wayoyi da yawa yanzu suna aika wurin da mai kira yake kai tsaye, amma wannan ba ya nuna hawan benen da kake ko lambar ɗakinka, don haka kada ka dogara da shi.

Ka haddace adireshinka da Turanci tun daren farko da ka sauka, da lambar gida da sunan titi da lambar unguwa ta gidan waya, wadda ake kira "postcode" a Birtaniya, "zip code" a Amurka. Idan a waje kake ba ka san sunan wurin ba, ka ce "I don't know the address", sannan ka faɗi abin da idonka yake gani da ƙananan kalmomin nan guda huɗu: "near", kusa da, "opposite", mai fuskantar, "behind", bayan, "between", tsakanin. Za a iya tambayarka "What's the nearest cross street?", ana nufin titin da ya gitta wanda kake kai. A kan babbar hanya ana son lambar hanyar da inda ka dosa, kamar "northbound" ga mai tafiya arewa, da lambar mafita ta ƙarshe da ka wuce, wadda Amurkawa suke ce wa "exit", 'yan Birtaniya kuma "junction". Ka kuma kiyaye da lissafin hawan bene: a Birtaniya "first floor" yana nufin hawa ɗaya sama da ƙasa, ƙasan kuwa "ground floor" ne, amma a Amurka "first floor" shi ne ƙasan kansa.

Lambobi suna da nasu haɗarin. A waya "thirteen" da "thirty" kusan sauti ɗaya suke zuwa, haka "fifteen" da "fifty", har su kansu masu harshen suna rikicewa. Maganin wannan shi ne ka faɗi lambar ɗaya-ɗaya: gida mai lamba 15 ka ce "one, five", mai lamba 50 ka ce "five, zero". Idan jami'in ya maimaita maka lambar, za ka iya jin ya ce "oh" a maimakon "zero", ko "double three" a maimakon uku sau biyu. Sunanka da sunan titi kuma za a ce "Can you spell that?", wato ka jero haruffan. Tun da B da P da V, ko M da N, suna kama da juna a waya, ana jingina kowane harafi da kalma, kamar "B for Bravo" ko "M for Mike". Ba sai ka haddace duk jerin da matuƙa jirgin sama suke amfani da shi ba, haruffan sunanka da na titinku sun wadatar. Mu masu Hausa muna da wata 'yar matsala ta daban, wato musanya P da F, kuma abin takaici "fire" da "pain" da "faint" da "four" da "five" duk kalmomin gaggawa ne, don haka sun cancanci ka zauna ka gyara furucinsu.

Bayan wuri sai abin da ya faru, kuma a nan nake son in daɗe kaɗan. Za a ce maka "Tell me exactly what happened." Amsar da ake so gajera ce, mai ɗauke da mafi munin abin a farkonta: "A man has collapsed", wani mutum ya yanke jiki ya faɗi, "My child is choking", abu ya maƙale wa ɗana a maƙogwaro, "She is bleeding heavily", jini yana zuba mata sosai, "There is a fire in my building", gobara ta tashi a gininmu, "There has been a car crash, two people are hurt", an yi haɗarin mota, mutum biyu sun ji rauni, "Someone is breaking into my house", wani yana fasa gidana. Ka lura babu gaisuwa, babu neman afuwa, babu "I was wondering if". Mai koyo yakan ji kamar wannan rashin ladabi ne, sai ya sassauta maganar, ya ce "He is not feeling very well" a kan mutumin da yake kwance ba ya motsi. Jami'in da ke sauraro yana auna girman matsalar ne da kalmomin da ka furta, yana shigar da su cikin tsarin da zai yanke ko motar za ta taho yanzu ko sai an gama da waɗanda suka fi tsanani. Idan ka rage maganar, ka rage wa majinyacin matsayi a layi.

Akwai wani haɗari da masu koyar da Turancin sufurin sama suke yawan kafa misali da shi. A ranar 25 ga Janairun 1990, jirgin Avianca mai lamba 52, wanda ya taso daga Kolombiya zuwa New York, ya daɗe yana shawagi yana jiran izinin sauka saboda rashin kyawun yanayi, har mansa ya kusa ƙarewa. Mataimakin matuƙin ya gaya wa masu kula da zirga-zirgar jirage cewa mai yana ƙare musu, ya kuma nemi a ba su fifiko, amma bai furta kalmar "emergency" ko "Mayday" ba, waɗanda su ne suke sa a ajiye komai a share wa jirgi hanya. Jirgin ya faɗi a Long Island, kusa da birnin New York, mutum 73 daga cikin 158 suka rasu. Waɗannan ƙwararru ne da suke jin Turanci, kuma ba ƙarya suka faɗa ba, sun dai faɗi gaskiyar da kalmomin da ba su tayar da mai sauraro tsaye ba. Don haka idan kana ganin rai yana cikin haɗari, ka furta shi ƙarara: "This is an emergency", ko ma "I think he is dying."

Idan motar asibiti ka nema, tambayoyi biyu ne za su zo da wuri, kuma su ne suka fi kowace nauyi. Ta farko, "Is he conscious?" ko "Is he awake?" ko "Is he responding?", duk ma'anarsu ɗaya: yana cikin hayyacinsa, yana amsawa idan an kira shi ko an girgiza kafaɗarsa? Ta biyu, "Is he breathing?", sau da yawa tare da kalmar "normally". Wannan kalma ta ƙarshe ba ado ba ce. Mutumin da zuciyarsa ta tsaya yakan yi wani irin jan numfashi jefi-jefi mai kama da minshari ko shaƙuwa a mintunan farko, na kusa da shi su ɗauka numfashi yake yi, su ce e, a rasa lokacin da ya kamata a fara danna ƙirji. Idan abin da kake gani ke nan, kalmar da za ka riƙe ita ce "gasping": "He is gasping, he is not breathing normally." Idan kuwa ba ka tabbata ba, "I'm not sure" amsa ce mai kyau, domin jami'in ya san abin da zai sa ka duba.

A kan amsa e ko a'a akwai tarkon da ya shafe mu kai tsaye. Da Hausa idan aka ce "Ba ya numfashi?" muka ce "E", mun tabbatar ke nan cewa ba ya yi. Da Turanci kuwa idan aka ce "He's not breathing?" wanda yake son tabbatar da haka "No" zai ce, "Yes" kuma za a iya ɗaukarta a matsayin yana numfashi. Mai koyo da ya firgita zai koma kan tsarin harshensa ba tare da ya sani ba. Hanya mafi aminci ita ce kada ka taɓa amsa irin wannan tambaya da kalma ɗaya, ka maimaita jimlar gaba ɗaya: "He is not breathing", ko "He is breathing." Haka kuma "can" da "can't" suna da wuyar bambancewa a waya, musamman a bakin Amurkawa, don haka kai ka riƙa cewa "cannot" a cike: "She cannot move her legs."

Wasu kalmomin kuma kamanninsu ne yake ruɗarwa. "He passed out" yana nufin ya suma, "He passed away" kuwa ya rasu, kuma ka ga girman abin da zai biyo baya idan aka musanya su. "Hang on" da "Hold on" suna nufin ka dakata kaɗan, "Hang up" kuwa ka kashe wayar. Abin da za ka fi ji shi ne "Don't hang up" ko "Stay on the line", wato kada ka kashe har sai an sallame ka. A Birtaniya idan aka ce "Has he been sick?" yawanci amai ake tambaya, ba rashin lafiya gaba ɗaya ba, kai kuma ka yi amfani da "vomit", wadda ba ta da harshen damo a ko'ina. Idan magani majinyaci yake sha, ka ce "medication" ko "medicine", domin "He takes drugs" a kunnen Bature yana nufin yana shan ƙwaya. Irin wannan kuskure ya taɓa jawo babbar asara a Florida a 1980, lokacin da dangin wani saurayi ɗan shekara 18 masu jin Sifaniyanci suka kai shi asibiti a sume, suka yi amfani da wata kalma tasu mai nufin ya ci ko ya sha abin da ya ɓata masa jiki, aka fahimce ta a matsayin maye. Aka yi ta yi masa maganin wanda ya sha ƙwaya fiye da kima alhali jini ne yake zuba a ƙwaƙwalwarsa, kafin a gane kuwa hannayensa da ƙafafunsa sun shanye. Darasin da ke ciki a aikace shi ne ka faɗi abin da ka gani da ido, ba sunan cutar da kake zato ba: ya riƙe kai, ya yi amai, ya faɗi.

Idan Turancin ya tsaya maka cak, kana da jimloli uku na tsira. "Please speak slowly", a yi magana a hankali. "Please say that again", a maimaita. Sai kuma "I need an interpreter, I speak Hausa", ina bukatar tafinta. Cibiyoyin karɓar kiran gaggawa da asibitoci a Birtaniya da Amurka da ƙasashe da dama suna da tafintoci ta waya, sai dai haɗa ka da tafinta yana cin lokaci, don haka ka fara ba da adireshi da abin da ya faru da ɗan Turancin da kake da shi, sannan ka nemi tafintan. Idan kana jin Faransanci ko Larabci sosai, ka ambace su ma, domin an fi saurin samun masu su. Abin da ba na so ka yi shi ne ka riƙa cewa "Yes, yes" don kunya alhali ba ka gane ba, ɗabi'ar da kusan kowane mai koyon harshe yake da ita. A aji ba ta da illa mai yawa, a nan kuwa jami'in zai ɗauka ka aikata abin da ya umarce ka. Akwai kuma halin da magana kanta haɗari ce, misali ɓarawo yana cikin gida. A Birtaniya idan ka kira 999 da wayar hannu ka yi shiru, za ka ji saƙon da zai ce ka danna 55, sai a haɗa ka da 'yan sanda.

Daga nan aikin kunne ne ya fi na baki, domin jami'in zai riƙa gaya maka abin da za ka yi kafin motar ta iso. Zai ce "Put your phone on speaker", ka buɗe lasifikar wayar don hannayenka su samu sarari. Idan numfashi ya tsaya zai ce "Lay him flat on his back", ka kwantar da shi rigingine a ƙasa. "Put the heel of your hand in the centre of his chest", ka ɗora gindin tafin hannunka a tsakiyar ƙirjinsa. "Push hard and fast", ka danna da ƙarfi da sauri. Ga babban mutum ana danna ƙirjin ya nutsa santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, kuma jami'in zai riƙa ƙirga maka. Zai iya tambaya "Is there a defibrillator nearby?", wato na'urar da take dawo da bugun zuciya daidai, wadda ake rataye ta a tashoshi da filayen jirgi da manyan kantuna da alamar AED. Ita kanta na'urar magana take yi idan an kunna ta, kuma umarninta mafi muhimmanci shi ne "Stand clear", kowa ya janye hannunsa daga jikin majinyacin. Idan jini ne za ka ji "Apply pressure" ko "Press firmly on the wound", ka danne raunin da tsumma mai tsabta kada ka ɗaga. Idan mutum a sume yake amma yana numfashi daidai za a ce "Roll him onto his side", ka juya shi ya kwanta ta gefe. Idan ƙuna ce, "cool running water" na minti 20. Idan ana tsoron karayar wuya ko ƙashin baya, "Don't move him."

A cikin taron jama'a, ihun "Help!" yana jawo ido, amma sau da yawa kowa yana tsammanin wani ya riga ya kira. Ka nuna mutum ɗaya da yatsa ka ɗora masa aikin: "You, in the blue shirt, call an ambulance." Wannan ma hanya ce ta miƙa wayar ga wanda ya fi ka Turanci.

Idan kai ne majinyacin, tambayoyin da ma'aikatan motar asibiti da na sashen gaggawa za su yi maka su ma sanannu ne. Sashen kansa "A and E" ake ce masa a Birtaniya, "ER" a Amurka. Za a ce "Where does it hurt?", ina ne yake ciwo, "When did it start?", yaushe ya fara, a kuma ce ka auna zafin daga sifili zuwa goma. Irin ciwon yana da muhimmanci ga likita, don haka ka san "sharp" ga ciwo mai suka, "dull" ga mai nuƙu-nuƙu, "burning" ga mai raɗaɗi kamar ƙuna, "tight" ko "crushing" ga wanda ake ji kamar an ɗaure ƙirji ko an ɗora masa dutse. "I have chest pain" da "I cannot breathe" jimloli ne da suke sa a bar komai a zo kanka. Za a tambayi "Do you have any allergies?", wato ko akwai magani ko abincin da jikinka ba ya karɓa, amsar kuma "I am allergic to penicillin" ce ko makamanciyarta. Sai cututtukan da kake ɗauke da su: "diabetes" ciwon suga, "high blood pressure" hawan jini, "asthma" asma, "epilepsy" farfaɗiya, "sickle cell disease" sikila. Mai juna biyu ta ce "I am pregnant" tare da yawan makonnin cikin, domin da mako suke lissafi, ba da wata ba, idan naƙuda ce, "I am in labour", idan faya ta fashe, "My waters have broken." Ka guji amsar nan da aka cusa mana tun darasin farko, wato "I'm fine, thank you", domin bakinka zai iya furta ta da kansa idan ma'aikaciyar jinya ta ce "How are you feeling?", alhali a nan tambaya ce ta gaske.

Shanyewar ɓarin jiki, wato "stroke", ta cancanci ambato na daban saboda lokaci ne yake yanke hukunci a kanta. Ana koyar da alamominta da haruffa huɗu, FAST: fuska (Face) ta karkace, hannu (Arm) ya ƙi ɗaguwa, magana (Speech) ta harɗe, lokacin (Time) kira ya yi. Da Turanci za ka ce "Her face is drooping, her arm is weak, her speech is slurred." Likita zai nace a kan sanin lokacin ƙarshe da aka gan ta lafiya, domin maganin da yake narkar da gudan jinin da ya toshe jijiya yawanci a cikin awa huɗu da rabi na farko ake bayar da shi. Saboda haka ka duba agogo da zarar abin ya fara, kuma ka iya faɗin lokaci da Turanci ba tare da inda-inda ba. Ka kuma san cewa sunayen magunguna da ma'auni suna sauyawa: farasitamol a Amurka "acetaminophen" ne, kuma zazzaɓin digiri 38 a ma'aunin Salshiyos shi ne 100.4 a ma'aunin Faranhait da suke amfani da shi, don haka ka ambaci ma'aunin tare da lambar.

Akwai wani rukuni na Turancin gaggawa da littattafan koyo suke yawan tsallakewa, wato umarnin da ake daka wa mutum da tsawa. "Freeze", "Don't move", "Stop", duk suna nufin ka tsaya cak. "Hands up" ko "Show me your hands", ka ɗaga hannu a ga babu komai a ciki. "Get down", ka kwanta a ƙasa. "Pull over", ka gangara da mota gefen titi ka tsaya. "Step back", ka ja da baya. A Oktoban 1992 wani ɗalibi ɗan Japan mai shekara 16 ya yi ɓatan gida a Baton Rouge ta jihar Louisiana yana neman inda ake wani biki, maigidan ya fito da bindiga ya daka masa tsawa da "Freeze", yaron ya ci gaba da matsowa, aka harbe shi ya mutu, kuma mutane da yawa suna ganin bai gane kalmar ba ne. Shawarata ita ce, duk lokacin da mai makami ko ɗan sanda ya yi maka tsawar da ba ka gane ba, ka tsaya, ka bar hannayenka a fili, kada ka sa hannu a aljihu don ɗauko waya ko takarda, sannan ka ce "I don't understand, I speak little English."

Na gobara da sanarwar lasifika ba su da wuya idan an san su tun da wuri. "Evacuate" ko "Leave the building" a fice daga ginin. "Fire exit" ƙofar tsira. "Assembly point" wurin da za a taru a waje a ƙirga mutane. "Do not use the lift", ko "elevator" a Amurka, kada a hau lif, a bi matakala. "Shelter in place" kishiyar ficewa ce, ana nufin a zauna a ciki a rufe ƙofa. 'Yan kwana-kwana za su tambayi "Is anyone inside?", kuma kalmar da za ka riƙe ita ce "trapped" ga wanda ya maƙale ba hanyar fita: "Two children are trapped upstairs." Idan warin gas ka ji, "I smell gas." A jikin kwalba ko tanki, "flammable" da "inflammable" duka abu mai saurin kama wuta suke nufi, kada siffar ta biyun ta sa ka zaci kishiyar ta farko ce.

Yadda za ka sa duk wannan ya zauna kuwa, karatu da ido ba zai yi ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ka samu abokin da zai zama jami'in karɓar kira, ku juya wa juna baya ko ku shiga ɗakuna daban ku yi ta waya, ya riƙa jefo maka tambayoyin da sauri ba bisa jerin da ka saba ba, har ya riƙa katse ka kamar yadda ake yi a zahiri. Ka ɗauki muryarka ka saurara, za ka ji da kunnenka inda lambobinka suke haɗewa. Ka saurari karin harshen ƙasar da za ka je, domin tambaya guda a bakin mutumin Glasgow da na Texas kamar harsuna biyu take zuwa wa sabon kunne. Kada dai ka kira lambar gaggawa don gwaji. Idan ka kira bisa kuskure kuma kada ka kashe, ka tsaya ka ce "Sorry, I called by mistake, there is no emergency", in ba haka ba za su iya sake kiranka ko su turo a duba. Sannan ka rubuta kati ɗaya da Turanci mai ɗauke da sunanka da adireshinka da cututtukanka da magungunan da kake sha da abin da jikinka ba ya karɓa da lambar wanda za a kira, ka sa a walat, ka manna kwafinsa kusa da ƙofa inda yara da baƙi za su iya karantowa. Wayoyin iPhone da Android duka suna da wurin shigar da waɗannan bayanai ta yadda ma'aikatan ceto za su gan su ko da wayar a kulle take, sai ka cike shi da Turanci, ka kuma rubuta a ciki cewa Hausa ce harshenka don a nemo maka tafinta idan ba ka iya magana.